Aska da Ƙurajen Fuska: Waiwaye Kan Tarihin Aski

Tun ina ɗan shekara goma sha shida ƙurajen balaga suka yi mini sallama, ba su kuma tafi ba har gemu ya fito ya same su. Ran da na fara sa wa fuskata reza, sai da na ɓata farar riga da jini, bayan kwana uku kuwa ƙasan haɓata ya cika da wasu sababbin ƙuraje masu ƙaiƙayi. Da mahaifina ya ga halin da nake ciki, sai ya aika aka kira wanzamin gidanmu, watau tsohon da ya yi mini askin suna. Ya zo da zabirarsa, ya jiƙa gemun da ruwan ɗumi, ya yi ta murzawa har ya yi taushi, sa'an nan ya wasa aska a jikin fata, ya bi gashin ta inda ya kwanta, yana kewaye kowane ƙurji kamar mai noma a tsakanin shuka. Ko ɗigon jini bai fito ba. Wannan ne ya sa na shiga tambayar kaina: yaya aka yi askar da muke yi wa kallon kayan da, ta fi rezar kanti tausayin fuskata?

A ƙasar Hausa aski sana'a ce ta gado. Wanzami shi ke askin jariri ran suna, shi ke cire beli, da kaciya, da ƙaho, da tsagar gado, shugabansu kuma shi ne Sarkin Aska. Ɗan wanzami yakan yi shekaru yana riƙon zabira yana kallon hannun ubansa kafin a yarda ya taɓa kan mutum. Haka abin yake a Turai a zamanin da. A Ingila masu aski da masu fiɗa ƙungiya ɗaya suka zama a 1540, ba su rabu ba sai a 1745. Wajen 1740 kuma Benjamin Huntsman ya gano hanyar narka ƙarfe mai kyau, wadda ta sa garin Sheffield ya yi suna wajen ƙera asake. Ko can ko nan dai, aska tana bukatar gwani, domin kaifinta tsirara yake.

Daga nan sai Turawa suka shiga neman yadda kowa zai aske kansa da kansa. Wajen 1770 wani maƙeri Bafaranshe, Jean-Jacques Perret, ya yi wa aska kariya ta katako don kada ta nutse cikin fata. Amma wanda ya juya al'amarin shi ne King Camp Gillette na Amurka, da rezarsa wadda in ta dakushe sai a yar. A 1903 kan aski 51 kawai ya sayar, da reza 168. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai aka raba wa sojojinta kayansa, kan aski wajen miliyan uku da rabi a 1918. Samarin nan suka koma gida da al'adar aski kullum safiya. A 1971 kamfanin ya fito da mai baki biyu: na farko ya ja gashi, na biyu ya yanke shi tun bai koma ba, saboda haka guntun ya shige ƙarƙashin fata, fuska ta yi sumul.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Duk wannan ci gaba sauri da santsi ya nufa, alhali kuwa su ne manyan abokan gaban mai ƙuraje. Ya kamata mu bambanta iri biyu. Ƙurjin balaga yana fitowa ne in maiƙo da matacciyar fata suka toshe ramin gashi, ƙwayoyin cuta suka samu wurin zama. In kaifi ya bi ta kansa sai ya fille shi, ya bar gyambo, daga baya baƙin tabo. Ƙurjin aski kuwa gashi ne ke jawo shi. Gashinmu na baƙar fata a murɗe yake, in an yanke shi ƙasa ƙwarai sai bakinsa ya yi tsini, ya lanƙwaso ya soki fata, jiki kuma ya ɗauke shi kamar ƙaya. Likitoci biyu na Amurka, Strauss da Kligman, sun yi bayanin wannan a 1956. A shekarun 1970 abin har ya zama rigima a rundunar sojan ƙasar, domin doka ta ce kowa ya aske tas, baƙaƙen sojoji kuwa su ne suka fi shan wahalarta, har sai likita ya ba mutum takardar izinin barin ɗan gemu.

Da na fahimci haka sai na gane hikimar tsohon nan. Bakin askarsa ɗaya ne, ba ya jan gashi kafin ya yanke. Yana ganin inda kaifin zai sauka, ba kamar kan reza mai faɗi ba, wanda ke share tudu da kwari gaba ɗaya. Yana kwantar da askar, ba ya dannawa, ba ya bin wuri sau biyu, ba ya kuma yi wa gashi gaba da gaba. In ya tarar da ƙurji ya nuna, sai ya bar gashin da ke kewaye da shi ya ce sai wani mako. Bai san sunan Kligman ba, amma hannunsa ya san abin da Kligman ya rubuta.

Sai dai kada son gargajiya ya rufe mana ido. Aska ɗaya da ke yawo daga kai zuwa kai tana iya ɗaukar ciwon hanta, musamman nau'in B, wanda ƙwayarsa kan yi mako guda a busasshen jini ba ta mutu ba. Tun da aka ba da sanarwar samun cutar ƙanjamau a Nijeriya a 1986 mutane suka ƙara tsorata da kaifin haɗaka. Mai ƙuraje kuwa ya fi kowa shiga haɗari, tun da fuskarsa cike take da ƙananan ƙofofi a buɗe. Goga aska a tafin hannu ko a tsumma ba ya kashe kome. Shi ya sa wanzamai da yawa suka koma ga askar da ake sa wa rabin reza, a sake sabuwa ga kowane mutum, wasu iyaye kuma suka riƙa sayen tasu su ajiye.

Ni dai abin da na tsaya a kai ke nan. Ina da askata wadda ba mai taɓa ta sai ni, ina aski sau biyu a mako, ba na neman santsi, ran da ƙuraje suka yi yawa kuma almakashi nake sawa in rage, in nemi magani wurin likitan fata. Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa, amma ina ganin gyaran da zamani ya kawo wa sana'arsa ba ƙasƙanci ba ne. Ƙarfen ne ya kamata a sake. Haƙurin da sanin fata kuwa, in muka bari suka bi tsofaffi zuwa kabari, ba kantin da za mu same su.