Wa ke Riƙe da Makullin Ruwan Dutse? Nazari kan Rabon Iko a Kwarin Kogin Haɗejiya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ikon kula da ruwa ya rarrabu tsakanin gwamnatin tarayya da Jihar Jigawa da al'ummomi, ta mayar da hankali kan birnin Dutse da ƙananan hukumomin Kiyawa da Jahun da Miga da Ringim. Ta dogara ne kan nazarin dokokin ruwa na ƙasa da ayyukan masana a kan kogin Haɗejiya. Hujjarta ita ce, iyakokin hukumomin da ke kula da ruwa ba su bi hanyar da ruwan yake bi ba, kuma shirin janyo wa Dutse ruwa daga Sintilmawa zai ɗaure famfon birnin da shawarar da ake yankewa a madatsun Tiga da Challawa, inda Jigawa ba ta da wata murya da doka ta tilasta a saurara.

Gabatarwa

Tun ranar 27 ga Agusta 1991 da aka cire Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano aka mayar da Dutse babban birni, garin yake faɗaɗa a kan ƙasar da ba ta da yalwar ruwa. Duwatsun da suka kewaye garin, waɗanda ya samo sunansa daga gare su, ba a sama kaɗai suke ba. Ƙarƙashin Dutse da Birnin Kudu da Gwaram tsohon dutse ne mai tauri, ruwa ba ya zama a cikinsa sai a tsage-tsage da ɓangaren da ya rududduge. Shi ya sa mutum zai haƙa rijiyar burtsatse ya samu ruwa, maƙwabcinsa ya haƙa a bayan katanga ya tarar da fako. Da an nausa arewa da gabas, wajen Jahun da Miga har Haɗejiya, sai a shiga shimfiɗar yashi da laka ta kwarin Chadi, inda ruwan ƙasa ya fi yawa kuma ya fi kusa. Wannan ne dalilin da ya sa ruwan famfon Dutse ya daɗe yana dogara da rijiyoyin Shuwarin, a ƙaramar hukumar Kiyawa.

Ƙari a kan haka, zuwan ma'aikatun jiha da buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 sun ninka buƙata. A unguwannin da bututu bai kai ba, ko ya kai amma ba ya kawowa kullum, 'yan ga-ruwa ne ke cike giɓin. Da asuba za ka ga kurarsu a jere bakin rijiyar wani mai hali, jarkoki a ɗaure da igiya, kowa na jiran injin ya tashi. Farashin jarka yana bin farashin man fetur ko dizal, kuma talaka ne ke sayen ruwa da tsada fiye da wanda famfo ya shiga gidansa.

Waiwaye kan ayyukan magabata

Kogin Haɗejiya yana cikin kogunan Najeriya da masana suka fi yi wa rubutu. Ya samo asali ne daga haɗuwar kogin Kano da kogin Challawa, ya ratsa Wudil da Ringim kafin ya bazu a fadamun Haɗejiya da Nguru. An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta Challawa kuwa a 1992, kuma su biyun ne ke riƙe da mafi yawan ruwan da ke shiga kogin. A 1993 Hollis da Adams da Aminu-Kano suka fitar da littafi a kan fadamun, wanda ya nuna yadda faɗin ƙasar da ambaliyar damina ke shafa ya ragu bayan fari da gina madatsu. Barbier da Thompson, a 1998, sun auna ribar manyan ayyukan noman rani na sama da asarar da manoma da masunta da makiyaya suka yi a ƙasa, suka iske ribar ba ta maye ko rabin asarar ba. Daga baya Acharya da Barbier suka nuna cewa ambaliyar nan da ake gani kamar ɓarna ita ce ke cika ruwan ƙasa da masu rijiyoyin fadama ke ɗiba da rani.

Sai dai kusan duk waɗannan ayyuka fadama suka kalla. Biranen da ke gefen kwarin, musamman Dutse, ba su samu irin wannan kulawa ba, domin a lokacin ba a ɗauke su cikin masu rabon kogin ba. Yanzu lamarin ya sauya.

Yadda doka ta raba iko

Kundin tsarin mulki na 1999 da Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 sun bai wa gwamnatin tarayya iko kan duk ruwan da ya shafi fiye da jiha ɗaya. A aikace, Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976 mai hedikwata a Kano, ita ke buɗewa da rufe ƙofofin madatsun. Jiha kuwa aikinta kai ruwa ga jama'a, kuma Jigawa ta kasa wannan aiki gida uku: Hukumar Ruwan Sha ta jiha tana kula da birane, STOWA tana kula da ƙananan garuruwa, RUWASA tana kula da karkara, inda ake miƙa tuƙa-tuƙa da rijiyoyi masu aiki da hasken rana ga kwamitocin al'umma. Tsarin ya yi abin a yaba. A 2022 Jigawa ce jiha ta farko a Najeriya da aka ayyana ta rabu da yin bahaya a fili, kuma hakan ba ya yiwuwa sai da kwamitocin ƙauye masu rai.

Matsalar tana wani wuri. Dukkan hukumomin jihar masu ɗiba ne, babu wadda aka ɗora wa alhakin sanin nawa ya rage. Hukumar kogunan kuma tana sanye da riga biyu: ita ce mai rabon ruwa, ita ce kuma mai manyan gonakin noman rani na Kadawa da na Auyo, wato tana cikin masu buƙatar abin da take rabawa. Wanda ke da gona a bakin madatsa, aka kuma damƙa masa makulli, ko da adali ne, na ƙasa ba zai daina zarginsa ba. An ga haka a ambaliyar Satumba 2010, lokacin da gwamnatin Jigawa ta ɗora laifin kan sakin ruwa daga madatsun, hukumar kuma ta ce ruwan sama ne ya yi yawa. Abin da ya fi damun mai nazari a wannan taƙaddama shi ne, babu wasu alƙaluma na bai ɗaya da ɓangarorin biyu suka yarda da su, waɗanda za a koma gare su a raba gardama.

An yi yunƙurin gyara. A 2006 jihohi shida da ke cikin kwarin, Bauci da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, suka haɗu a Damaturu suka amince da kafa asusun amana na kwarin Haɗejiya da Jama'are da Komadugu Yobe, aka kuma tsara yarjejeniyar rabon ruwa. Tunani ne mai kyau, ya kuma dace da ƙa'idojin Dublin na 1992 da suka nemi a riƙa kula da ruwa bisa kwarin kogi tare da masu amfani da shi. Amma asusu ba ya ba da umarni, kuma yarjejeniyar da ba ta da haƙoran doka tana aiki ne muddin kowa ya ga dama. Ƙudurin dokar albarkatun ruwa ta ƙasa, wanda zai iya daidaita wasu daga cikin waɗannan, ya sha karo da adawa a Majalisar Tarayya tun daga 2018 bai wuce ba.

Kachalla a matsayin shaida

Idan ana neman hujjar da ido zai gani cewa yadda ake sarrafa madatsa yana sauya rayuwar na ƙasa, to a dubi ciyawar kachalla. Kafin madatsun, kogin yakan cika da damina ya ƙafe da rani, ƙafewar nan kuma ita ke kashe ciyawar. Da aka koma sakin ruwa duk shekara domin noman rani da ruwan shan Kano, gindin kogin ya daina bushewa. Kachalla ta samu wurin zama, ta tare laka, laka ta toshe hanya, ruwa ya riƙa fasawa ta inda ya samu. Sakamakon haka wani gari yana kukan ambaliya, wani a gabansa yana kukan reshen koginsa ya mutu. Ciyawar ta kuma zama maɓoyar jan baki, tsuntsayen da ke cinye shinkafa da gero kafin manomi ya girbe. Al'ummomi sun daɗe suna fita aikin gayya da lauje da adda, gwamnatin jiha ma ta sayo injinan yashe kogi, sai dai duk wanda ya yanke kachalla bai taɓa jadawalin sakin ruwa ba, zai sake dawowa baɗi. Ambaliyar 2022, wadda ta yi ɓarna a Ringim da sauran garuruwan bakin kogi, ta zo ta tarar da hanyoyin ruwa a cushe.

Aikin Sintilmawa da abin da zai biyo baya

Babban aikin ruwan Dutse, wanda gwamnatin tarayya ta amince da shi kan kuɗi fiye da naira biliyan 59, an tsara shi ne ya ɗebo ruwa daga Sintilmawa a ƙaramar hukumar Ringim, ya tace, ya turo ta bututu zuwa birnin. Ta fuskar yanayin ƙasa shawarar daidai ce, domin dutsen da ke ƙarƙashin birnin ba zai shayar da shi ba. Ta fuskar mulki kuwa, ranar da aka kunna injin, Dutse ta shiga layin masu jiran Tiga da Challawa, tana bayan birnin Kano da gonakin Kadawa, tana gaban Auyo da fadamun Haɗejiya da Jihar Yobe. A shekarar da damina ta yi kyau babu wanda zai lura. A shekarar fari, irin na 1983 da 1984, dole wani ya haƙura, kuma yau babu rubutacciyar ƙa'ida mai ƙarfin doka da ta fayyace wane ne.

Elinor Ostrom ta nuna a 1990 cewa dukiyar da jama'a suka yi tarayya a kanta tana ɗorewa ne idan masu amfani da ita suna da hannu a tsara dokokinta, kuma akwai masu sa ido da kowa ya yarda da su. Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga wannan: sarkin ruwa yana da ranar buɗe su, burtali da mashaya suna da iyaka da dagaci ya sani, fiƙihun Malikiyya kuma ya fifita mai ƙishirwa da dabbarsa kan mai ban ruwan gona. Abin da ya ɓace shi ne irin wannan tsari a matakin kwarin gaba ɗaya.

A ganin wannan maƙala, kafin ruwan Sintilmawa ya iso Dutse ya kamata a samu rubutaccen jadawalin sakin ruwa daga madatsun biyu, wanda jihohin kwarin suka sa wa hannu, ya ƙunshi kason ruwan sha da ba a taɓawa da kuma wani lokaci na rani da za a rage kwarara domin gindin kogi ya bushe. Aikin jiha kuma shi ne ta yi wa rijiyoyin burtsatse rajista, ta ware wasu a Shuwarin da cikin birni domin auna zurfin ruwa duk wata, ta damƙa alƙaluman ga Jami'ar Tarayya ta Dutse a ajiye su inda kowane mai bincike da kowane kwamitin unguwa zai iya gani.