Tarihin Ƙidayar Gonaki da Dabbobi a Ƙasar Arewa

Tun kafin zuwan Turawa sarakunan ƙasar Hausa suna da hanyar sanin abin da ƙasarsu ta noma. Da kaka manomi yakan fid da zakka, dami ɗaya cikin goma, mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya miƙa gaba. Filani kuwa suna biyan jangali bisa yawan shanunsu. Amma yawancin lissafin nan a ka yake, in mai riƙe da shi ya mutu sai ya tafi da saninsa.

Sa'ad da Turawa suka ci Kano da Sakkwato cikin 1903, sai Gwamna Lugga ya nemi a haɗa kuɗaɗen nan iri iri su zama haraji guda. Aka kafa Baitulmali, aka ɗauki malamai, aka ba su littattafai. A ƙasar Kano aka shigo da awon taki, watau malami ya zaga gona yana ƙirga sawunsa, tsawo da faɗi, sa'an nan a yanka wa mai gona abin da zai biya. Hakimi ya tara lissafin gundumarsa ya aika wa Sarki, Razdan ya duba. Daga nan aka fara samun adadin gonaki a rubuce.

To, aikin nan yana da aibi tun daga tushensa, domin don haraji aka yi shi. Talaka ya gane duk abin da ya shiga littafi kuɗi ne zai fita daga aljihunsa, saboda haka ya ɓoye gonar daji. Bafilatani ya kora rabin garkensa ƙetaren iyaka kafin malamin jangali ya iso. Wani malami kuma, in an shafa masa hannu, sai takinsa ya yi tsawo, gona ta ƙanƙance a takarda. Bugu da ƙari, littafin yana faɗin girman gona, ba ya faɗin abin da ke cikin rumbu.

An ga sakamakon wannan ba da daɗewa ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, gyaɗa ta yi kuɗi cikin 1912. Damina ta ƙi cikin 1913, yunwa mai tsanani ta auka wa ƙasa cikin 1914, mutane masu yawa suka hallaka. Buhunan gyaɗa da suka shiga jirgi an san adadinsu, amma gero da dawa da talakawa ke ci ba su da littafi.

Sannu a hankali aka gyara. Cikin 1950 aka yi ƙidayar noma ta samfuri a Nijeriya. Dabararta ita ce a zaɓi ƙauyuka kaɗan su wakilci sauran, ma'aikaci ya tafi gona da kansa ya auna, domin gani ya kori ji. Cikin 1976 aka maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi, cikin 1979 kuma gwamnatocin Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali. Tsoron talaka ya ragu, amma malamin da ya san kowane gida shi ma ya ɓace. Bayan ƙidayar 1993 sai da aka yi kusan shekara 30 kafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sake yi cikin 2022, ta sami gidajen manoma wajen miliyan 40.

Ya kamata hakimai da dagatai da malamai su riƙe abu biyu daga tarihin nan. Na fari, manomi ba ya faɗin gaskiya sai ya amince ba za a cuce shi da ita ba. Na biyu, adadin da aka ƙaga a zaure ya fi rashin adadi haɗari, gama da shi za a raba taki da iri da gudummawar hatsi ran da fari ya zo. Allah ya jiƙan magabatan da suka riƙe alƙalami bisa amana, ya ba na baya ikon koyi da su, amin.