Majalisar komin ɗin Matankari: tarihin zaɓuɓɓukanta daga 1999 zuwa 2024

Ranar 4 ga watan Afrilun 2024, hukumomin mulkin soja na CNSP suka rusa majalisun kominoni da na birane da na jahohi a duk faɗin Nijar. Majalisar komin ɗin Matankari, a gundumar Dogondutsi cikin jahar Dosso, na daga cikin waɗanda dokar ta shafa, kuma aka miƙa ragamar meri ga kantoma wanda gwamnati ke naɗawa. Daga 1999 zuwa wannan rana, sau biyar aka kira ƴan Nijar zaɓen ƙananan hukumomi: a 1999, 2004, 2009, 2011 da 2020. Uku daga cikin waɗannan zaɓuɓɓuka juyin mulkin soja ne ya kawo ƙarshen abin da suka haifar. Majalisu biyun da suka rage sun zarce wa'adinsu saboda ba a shirya sabon zaɓe a kan lokaci ba. Ke nan babu majalisa ko ɗaya da ta sauka a ranar da doka ta tsara mata tun farko.

Matankari kafin zuwan akwatin zaɓe

Matankari tsohuwar hedikwatar sarautar Arewa ce, a cikin kwarin Dallol Mawri, arewa da garin Dogondutsi. A nan Sarkin Arewa yake zaune lokacin da ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya ratsa yankin a 1899, shekarar da Sarauniya Mangu ta yi masu turjiya a Lugu. A farkon mulkin mallaka Turawa suka kafa barikinsu a Dogondutsi, fadar sarki ma ta koma can. Tun daga lokacin, manyan shawarwarin da suka shafi Matankari a wani gari ake yanke su.

Bayan samun ƴancin kai, dokar watan Yulin 1964 ta raba ƙasar zuwa manyan yankuna bakwai da gundumomi a ƙarƙashinsu. An tanadi majalisa ga kowace gunduma, amma a zamanin Diori Hamani jam'iyya ɗaya ce, PPN-RDA, ke tsayar da ƴan takara. Juyin mulkin Seyni Kunce na ranar 15 ga Afrilun 1974 ya kawar da waɗannan majalisu. A shekarun 1980 aka maye gurbinsu da majalisun raya ƙasa tun daga ƙauye har zuwa Yamai, waɗanda wakilansu ke fitowa daga samariya da ƙungiyoyin manoma.

A ƙarshen shekarun 1980, zamanin Janar Ali Shaibu, Matankari ya samu matsayin komin, lokacin da kominonin ƙasar gaba ɗaya ba su wuce ashirin da ƴan kai ba. Sai dai shugaban komin a wancan zamani ma'aikacin gwamnati ne da ake turowa, ba jama'a ke zaɓensa ba.

1999: zaɓen da bai haifar da majalisa ba

Babban taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, kuma yarjejeniyar sulhu da ƴan tawayen arewacin ƙasar ta ranar 24 ga Afrilun 1995 ta ƙunshi alkawarin bai wa yankuna ikon tafiyar da harkokinsu. Amma sai a ranar 7 ga Fabrairun 1999 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko tsakanin jam'iyyu masu hamayya da juna. Ya shafi majalisun jahohi, na gundumomi da na kominonin da aka amince da su a lokacin.

Wannan zaɓe yana da nauyi na musamman a ƙasar Arewa, domin shugaban ƙasa na lokacin, Janar Ibrahim Ba'are Mainasara, ɗan asalin yankin ne, kuma jam'iyyarsa RDP-Jama'a tana da magoya baya da yawa a nan. Sakamakon farko a faɗin ƙasa ya nuna ƴan adawa na kan gaba. A wurare da dama aka farma cibiyoyin tattara sakamako, aka lalata takardu. A farkon watan Afrilu Kotun Ƙoli ta soke zaɓen a mazaɓu masu yawa tare da umurnin a sake shi, ƴan adawa kuma suka nemi shugaban ƙasa ya yi murabus. Ranar 9 ga Afrilu aka kashe Janar Ba'are a filin jirgin saman Yamai. Gwamnatin Dauda Malam Wanke ta soke zaɓen gaba ɗaya, babu kanseye ko ɗaya da ya zauna kan kujerarsa.

2004: majalisar farko da ta yi aiki

Dokokin watan Yunin 2002, a zamanin Tanja Mamadu, su ne suka shimfiɗa tsarin da aka sani a yau. An raba ƙasar zuwa kominoni 265, na birni 52 da na karkara 213, ta yadda kowane ƙauye da kowace ruga suka faɗa cikin wani komin. Matankari yana cikin na karkara, yana maƙwabtaka da Dogondutsi ta kudu da Dankasari ta gabas.

An yi zaɓen ranar 24 ga Yulin 2004. Kujeru 3,747 aka yi takara a kansu a duk ƙasar, jam'iyyar MNSD-Nasara mai mulki ta zo ta ɗaya. A karon farko mutanen Matankari da ƙauyukansa suka samu magajin gari wanda ya fito daga cikin zaɓaɓɓun wakilansu. Sababbin majalisun sun fara aiki da ƙarancin ma'aikata da ƙarancin kuɗi, kuma ba su jima da zama ba ƙasar ta shiga matsalar ƙarancin abinci ta 2005.

Wa'adin majalisun shekara huɗu ne, don haka a 2008 ya kamata a sabunta su. Aka ɗage zaɓen, aka tsawaita wa'adin.

2009: majalisar tazarce

Lokacin da aka zo yin zaɓen, ƙasar na cikin rikicin tazarce. Tanja ya rusa majalisar dokoki da kotun tsarin mulki, ya shirya zaɓen raba gardama ranar 4 ga Agustan 2009 don ƙara wa kansa shekara uku. Ranar 27 ga Disamban 2009 aka yi zaɓen kominoni, manyan jam'iyyun adawa suka ƙaurace masa. Wata biyu bai cika ba, ranar 18 ga Fabrairun 2010, sojoji ƙarƙashin Salu Jibo suka kifar da gwamnati. Aka rusa majalisun, aka naɗa kantomomi.

Gwamnatin riƙon ƙwaryar ce ta fitar da babban kundin dokokin ƙananan hukumomi a ranar 17 ga Satumban 2010. Kundin ya mayar da wa'adin majalisa shekara biyar, ya kuma tsayar da matakai biyu na zaɓaɓɓun hukumomi, wato komin da jaha. Gunduma ta tsaya a matsayin yankin mulki da perefe ke jagoranta, ba ta da zaɓaɓɓiyar majalisa.

2011: wa'adin shekara biyar da ya kusan kai goma

An zaɓi sababbin kanseye ranar 11 ga Janairun 2011, tare da ƴan majalisar jaha. A lissafin ƙasa baki ɗaya PNDS-Tarayya ce ta fi samun kujeru, sai MNSD-Nasara, sai MODEN-Lumana. Bayan ƴan watanni Mahamadu Isufu ya hau mulki.

A watan Agustan shekarar aka ƙara yawan gundumomin ƙasar daga 36 zuwa 63, abin da ya raba ƙasar Arewa gida biyu. Sabuwar gundumar Tibiri ta ɗauki kominonin Tibiri, Dumega, Gesheme da Kore Mairuwa. Dogondutsi ta riƙe shida: Dogondutsi, Matankari, Dankasari, Dogonkiriya, Kiyeshe da Sukukutan. Perefen Dogondutsi ne ya ci gaba da duba ko shawarwarin majalisar Matankari sun dace da doka.

A 2016 wa'adin wannan majalisa ya cika. An sa ranar zaɓe fiye da sau ɗaya ana ɗagewa, bisa hujjar jiran sabuwar rajistar masu zaɓe ta zamani mai ɗauke da hoto da zanen yatsa. Gwamnati ta riƙa tsawaita wa'adin majalisun wata shida-shida, ƴan adawa da ƙungiyoyin farar hula na sukar matakin. A waɗannan shekaru majalisar ministoci ta tsige magadan gari da dama a sassan ƙasar bisa zargin rashin iya riƙon dukiyar jama'a. Matashin da ya cika shekara 18 jim kaɗan bayan zaɓen 2011, sai da ya kusan kai 28 kafin ya samu damar zaɓen kanseyen garinsu.

2020: zaɓe na ƙarshe

Ranar 13 ga Disamban 2020, mako biyu kafin zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa, hukumar zaɓe ta CENI ta shirya zaɓen kominoni da na jahohi da sabuwar rajistar. PNDS-Tarayya ta sake zuwa ta ɗaya a faɗin ƙasa da tazara mai yawa. Wannan ne zaɓen kominoni na farko bayan dokar 2019 da ta ɗaga kason mata a zaɓaɓɓun muƙamai zuwa kashi 25 cikin ɗari. Dokar shekarar 2000 kashi 10 ta tanada, aka mayar da shi 15 a 2014.

Majalisun sun kama aiki a 2021. Bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yulin 2023 da ya kawar da Bazum Mohamed, an dakatar da harkokin jam'iyyu, amma aka bar magadan gari da kanseye a kujerunsu na tsawon fiye da wata takwas, har zuwa dokar 4 ga Afrilun 2024.

Yadda ake zaɓen majalisar komin

A tsarin da aka bi kafin rusa majalisun a 2024, komin gaba ɗayansa mazaɓa ɗaya ce. Kowace jam'iyya, ko gungun ƴan takara masu zaman kansu, na gabatar da jerin sunaye, kowane ɗan takara da madadinsa wanda zai maye gurbinsa idan ya rasu ko ya sauka. Mai zaɓe jeri yake zaɓa, kuma ana raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowane jeri ya samu. Yawan kujerun ya danganta da yawan jama'ar komin, daga 11 zuwa 25.

Wannan tsari ya sa takara ke farawa tun kafin ranar zaɓe. A komin mai ƙauyuka da yawa kamar Matankari, babbar muhawara a cikin jam'iyya ita ce ɗan wane gari za a tsayar, domin ƙauyen da ba shi da wakili a majalisa zai iya ganin rijiya ko ajin makaranta sun wuce shi.

A wancan tsari, jama'a ba su zaɓen magajin gari kai tsaye. Kanseye ne ke zaɓensa da mataimakansa daga cikinsu a zaman farko. Idan babu jam'iyyar da ta samu fiye da rabin kujeru, sai an ƙulla ƙawance, kuma yakan faru wadda ta zo ta ɗaya ta rasa meri. Kanseye suna da ikon kaɗa wa magajin gari ƙuri'ar yanke ƙauna. Sarakunan gargajiya ko wakilansu da ƴan majalisar dokoki na yankin suna halartar zama su ba da shawara, amma ba su jefa ƙuri'a. Doka ta tanadi zama huɗu a shekara, kuma jama'a na da izinin shiga su saurara.

Abin da majalisa ke yankewa

Kafin rusa ta a 2024, majalisa ce ke amincewa da kasafin kuɗin komin da tsarin raya shi, ita ce kuma ke bin diddigin yadda magajin gari ya kashe kuɗin. Kuɗin shiga na fitowa daga lanhon da masu gari ke tattarawa, harajin kasuwa da na cinikin dabbobi, tallafin gwamnati ta hanyar hukumar ANFICT, da taimakon abokan hulɗa. Meri ce ke ba da takardun haihuwa, na aure da na mutuwa. A wancan lokaci magajin gari ne ke shugabantar hukumar filaye ta komin, wadda ke da muhimmanci a yankin da gonakin gero da wake ke haɗuwa da burtali da mashayar dabbobi. Tun 2016 gwamnati ta amince da miƙa wa kominoni wasu ayyuka a fannoni huɗu: ilimi, kiwon lafiya, ruwan sha da muhalli, ko da yake magadan gari sun sha kukan cewa kuɗin bai biyo ayyukan ba.

A ƙarƙashin kantoma, ayyukan magajin gari da na majalisa na haɗuwa a hannun mutum ɗaya. Masu goyon bayan tsarin na cewa yana rage rigimar jam'iyyu da ɓarnar kuɗi. Masu sukarsa na cewa kantoma wanda ya naɗa shi yake ba bahasi, kuma manomin Bagaji ko makiyayin da ke kan iyakar komin ba shi da wakilin da zai tura ya yi tambaya a zaman kasafin kuɗi.

Ranar 26 ga Maris 2025 aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya bai wa Janar Abdurahaman Tiani wa'adin shekara biyar, aka kuma rusa dukkan jam'iyyun siyasa. Jam'iyyun da suka yi takara a Matankari daga 1999 zuwa 2020 ba su da rajista yanzu. Kafin a sake zaɓen majalisar komin, sai an samu dokar da za ta fayyace wa zai tsayar da ƴan takara, da kuma ko za a ci gaba da tsarin jerin sunaye.