Ratar da Ke Tsakanin Harsashi da Bututu: Tarihin Bindigar Ɗuri

Wanda ya taɓa kallon 'yan bindigar sarki ranar hawan sallah ya san yadda ake ɗura bindigar toka: a zuba albarushi ta baki, a cusa tsumma, a danna da sanda. Haka yawancin bindigogin duniya suke har tsakiyar ƙarni na 19, kuma a duk tsawon lokacin maƙera da sojoji matsala ɗaya suke fama da ita. Harsashin da zai bi ta baki ya sauka dole ya fi ramin bututun ƙanƙanta, amma harsashin da zai tafi saiti dole ya cika ramin ya matse. Ra'ayina shi ne wannan 'yar rata, wadda sau da yawa ba ta kai kaurin farce ba, ita ce ta juya tarihin bindigar ɗuri, fiye da ƙarfin albarushi ko tsawon bututu.

Hujja ta farko ita ce daɗewar da aka yi ana riƙe da magani ba a iya amfani da shi ba. Tun wajen 1500 maƙeran ƙasashen Jamus suka gano cewa idan aka yi tsaga mai murɗewa a cikin bututu, harsashi zai fita yana juyawa, ya tafi sak. Duk da haka sojojin Turai sun shafe shekara fiye da 300 yawancinsu suna riƙe da bindiga mai sumul ɗin ciki. Bindigar Ingila da ake kira Brown Bess faɗin raminta kusan milimita 19 ne, ƙwallon dalmarta kuma kusan 17.5, don haka yana sauka ba gardama, yana fita yana karo da bango, ya nufi inda ya ga dama. Mai tsaga kuwa sai an naɗe ƙwallon cikin ƙyalle ko fata mai maiƙo an tura shi da ƙarfi. Lokacin da Ingila ta ɗauki bindigar Baker mai tsaga a 1800, da farko har 'yar guduma aka haɗa wa sojoji. Kuma kowane harbi yana barin dauɗar albarushi a bango, ramin ya ƙara tsukewa. Soja ya shiga halin gaba kura baya sayaki: ko saurin ɗuri babu saiti, ko saiti babu sauri.

Faransawa ne suka fi naci a kan neman mafita, kuma kowane yunƙuri nasu a kan ratar ya tsaya. A 1826 Delvigne ya tsuke gindin bututu, yadda ƙwallo zai sauka a sake, ya tsaya a bakin tsukin, a daddake shi da sanda har ya baje ya kama tsaga. Ya kama ɗin, amma ya fita a lotse, saiti ya lalace. Pontcharra ya sa wa ƙwallon wani ɗan gindin katako, abin da Faransawa ke kira sabot, wato takalmin katako, sai dai katakon yakan fashe wajen dannawa. Thouvenin ya kafa ƙusar ƙarfe a ƙasan bututu don dalma ta buɗe a kanta, ita kuma ta zama matattarar dauɗa. Sai wajen 1849 Kyaftin Minié ya fito da dogon harsashi mai rami a gindi, wanda ke sauka salin-alin, idan wuta ta tashi iskar albarushi ta buɗa gindin ya cika tsaga. Shi ma da nasa aibin, domin ƙoƙon ƙarfen da aka sa a ramin wani lokaci yakan huda dalmar ya wuce, ya bar zobenta maƙale a bututu. James Burton na ma'aikatar makamai ta Harpers Ferry a Amurka ya cire ƙoƙon gaba ɗaya, sojojin ƙasar suka karɓi samfurinsa a 1855.

Wani zai ce ba harsashi ne ya kawo sauyin ba, injinan masana'antu ne da suka iya fafe bututu dubbai a kan awo ɗaya, da kuma 'yar hular kunna wuta da ta maye gurbin dutsen ƙanƙara. Akwai gaskiya a ciki, amma bindigar Brunswick ta ba da amsa. Ingila ta ɗauke ta a ƙarshen shekarun 1830, tana da hular kunna wuta, sai dai ƙwallonta mai ɗamara sai an daidaita shi da tsaga biyu kafin ya shiga, kuma ta yi ƙaurin suna wajen wuyar ɗuri. Ko bindigar Enfield ta Ingila ta 1853, wadda injina suka ƙera, ba ta tsira ba: raminta inci 0.577 ne, harsashinta 0.568, amma da aka ga yadda yake cijewa a bututu mai dauɗa a yaƙin boren Indiya, sai aka rage shi zuwa 0.55. Maiƙon da ake shafa wa takardar harsashin don ya sulale shi ne aka ce kitsen saniya da alade ne, maganar da ta zama ashanar boren sojojin Indiya, Musulmi da Hindu, a 1857. Wasu masana tarihi kuma na cewa sabuwar bindigar ba ta ƙara nisan da ake gwabzawa sosai ba a yaƙin basasar Amurka, saboda hayaƙi da daji da ƙarancin horo. Ko da haka ne, wannan magana ce a kan mai harbi; abin da ba a musu shi ne cikin shekara goma sha kaɗan manyan rundunoni suka ajiye bindiga mai sumul ɗin ciki.

Hujja ta ƙarshe tana hannun mafarautan Amurka na yau, waɗanda suka koma wa bindigar ɗuri saboda jihohi da dama sun ware mata lokacin farauta na musamman. Tun shekarun 1980 takalmin Pontcharra ya dawo, amma na roba: ana sa harsashi mai inci 0.45 ko 0.44 a cikinsa, a tura cikin bututu mai 0.50. Tsohon ciwon bai warke ba. Idan takalmin ya yi sako-sako iska ta kuɓuce ta gefe, idan ya matse ainun ba zai zauna a kan albarushi ba, wanda haɗari ne ga bututun da mai riƙe da shi. Shi ya sa gwani yakan taka 'yan mitoci gaba ya tsinci takalmin da ya faɗi, ya juya shi a tafin hannu. In kunnuwansa sun buɗe daidai, gindin lafiya lau, sawun tsaga ya fito raɗau, to komai ya zauna. In gindin ya yage ko ya narke, albarushi ya yi yawa ko bututu ya yi zafi ya tausasa robar.

Daga gudumar Baker zuwa takalmin roba na yau, shekara fiye da 200, darasin bai canza ba. Bindigar ɗuri ba ta harbi daidai sai harsashi ya dace da raminta, kuma ƙarin albarushi bai taɓa gyara abin da rashin dacewa ya ɓata ba.