Ciwon sukari mai buƙatar insulin: yadda ake rayuwa da shi yau da gobe a ƙasar Yauri

A Yauri, ƙaramar hukumar karkara ta ɓangaren Kance a jihar Damagaram, mai ciwon sukari da ke kan allurar insulin yana fama da abubuwa uku lokaci guda: zafin rana, nisan likita da kuɗin magani. Duk da haka ciwo ne da ake daɗewa da shi, a yi noma, a yi aure, a haifu, muddin mutum ya san ƙa'idodinsa.

Mene ne ciwon

Insulin wani sinadari ne da ake samarwa a wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira pankiriyas. Aikinsa shi ne shigar da sukarin abinci daga jini zuwa cikin tsoka da sauran sassan jiki. A nau'i na 1, wanda ya fi kama yara da matasa, jiki ya daina samar da shi. Ba shan sukari ke kawo wannan nau'in ba, ba kuma sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. A nau'i na 2, na manya, akan fara da ƙwayoyi, wasu kuma daga baya su koma allura.

Alamomin farko su ne yawan fitsari, ƙishirwa marar yankewa, rama duk da cin abinci, da kasala. Yaron da ya daina fitsarin kwance ya kuma koma yi, a kai shi awo. Idan awon safe kafin a ci komai ya kai gram 1,26 a lita, aka maimaita ya sake kaiwa, an tabbatar da ciwon.

Kafin 1921, lokacin da Frederick Banting da Charles Best suka ware insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, masu nau'i na 1 ba sa daɗewa. A watan Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurar. Har yanzu babu wani sassaƙe, ganye ko jiƙo da ke maye gurbinta. Mai nau'i na 1 da ya ajiye allura don gwada maganin gargajiya yana iya rasa ransa cikin kwanaki kaɗan.

Awon jini a gida

Ana awo da ƴar na'ura da tsinken gwaji, wanda masu farmasi ke kira bandelet. A wanke hannu da sabulu a bushe shi, domin ragowar rake, mangwaro ko dabino a yatsa na iya ɗaga sakamakon. A huda gefen yatsa, a riƙa canza yatsa.

Abin da ake nema ga yawancin manya shi ne gram 0,80 zuwa 1,30 kafin cin abinci, da ƙasa da 1,80 awa biyu bayan an ci. Lokotoro na iya canza wannan ma'auni ga yaro, mai juna biyu ko tsoho.

A lura da lissafin na'ura. Likitocin Nijar suna magana da gram a lita, amma na'urori da dama suna nuna miligram: 126 a na'ura daidai yake da gram 1,26. Wasu kuma suna nuna milimol, inda 7 ke daidai da gram 1,26. Kowace na'ura da irin bandelet ɗinta, don haka kafin a saya a tabbatar ana samun irinsa a Matamai ko Damagaram.

Idan bandelet ya yi ƙaranci, a ba awon safe muhimmanci, sauran a riƙa juya lokacinsu: yau kafin abincin rana, gobe kafin barci. A rubuta komai a littafi, da awo da yawan allura, a tafi da shi duk ranar ganin lokotoro. Akwai kuma awon HbA1c da ake yi a manyan dakunan gwaji, wanda ke nuna yadda sukari ya kasance cikin wata uku da suka wuce.

Allura da ajiyarta

Insulin mai saurin aiki, irin su Actrapid, garau take kamar ruwa, ana yin ta minti 30 kafin a ci abinci. Mai jinkiri, irin su Insulatard, da gauraye irin su Mixtard, fari-fari suke. A murza kwalbar a hankali tsakanin tafin hannu, kada a girgiza. Ana yin allurar ƙarƙashin fata a ciki, cinya ko dantse, ana canza wuri don kada fata ta yi kulu ta hana magani shiga yadda ya kamata.

A duba lambar da ke jikin kwalba da ta sirinji. Insulin U-100 sai da sirinjin U-100. Idan aka zuba ta a sirinjin U-40, abin da ya shiga jiki ya ninka sau biyu da rabi.

Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin firigo, digiri 2 zuwa 8, ba ƙanƙara ba. Wadda aka buɗe a yi amfani da ita cikin sati huɗu. Inda babu lantarki, dabarar tukunya cikin tukunya tana taimakawa: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa mai iska. Mohammed Bah Abba na jihar Jigawa ya sami kyautar Rolex a 2000 saboda yaɗa wannan dabara. Binciken da Jami'ar Janeba da ƙungiyar MSF suka wallafa a 2021, bisa zafin sansanin Dagahaley na Kenya, ya nuna insulin ba ta rasa ƙarfinta ba cikin sati huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Amma kada a bar ta a rana ko ƙarƙashin kujerar babur.

Faɗuwar sukari da hawansa

Sukari ya faɗi idan ya yi ƙasa da gram 0,70. Alamominsa: rawar jiki, zufa, yunwa mai tsanani, jiri, faɗuwar gaba, ko magana ba kan gado. Yakan faru idan an yi allura ba a ci abinci ba, ko an yi aiki mai nauyi kamar noman damina. Nan take a sha ƙwaya uku na sukari ko rabin kofin lemun kwalba, a sake awo bayan minti 15, sannan a ci abinci. Mai zuwa gona ko kasuwa kada ya fita babu sukari a aljihu. Wanda ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi a gefe, a garzaya da shi CSI mafi kusa.

Hawan sukari mai haɗari yana zuwa da amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da magagi. Wannan na likitar Matamai ne ko babbar likitar Damagaram, ba tare da jinkiri ba. Lokacin masassarar cizon sauro sukari yakan hau ko da mutum ba ya cin abinci, saboda haka ba a dakatar da insulin. A ƙara yawan awo, a sha ruwa, a sanar da ma'aikacin lafiya cewa ana kan allura.

Abinci da azumi

Ba a hana tuwo ko fura ba. Abin lura shi ne yawa da lokaci: kwano ɗaya sananne, a lokaci ɗaya kullum, tare da wake, zogale, kuɓewa ko kifi. Fura a sha ta ba sukari. Shayi mai zaƙi, rake, zuma da lemun kwalba a bar su sai ranar faɗuwar sukari.

Azumin Ramadan yana da haɗari sosai ga mai nau'i na 1, kuma shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame. Wanda ya yi niyyar ɗauka ya ga lokotoro makonni kafin watan ya kama, ya kuma karya azumi idan awo ya sauka ƙasa da 0,70 ko ya haura gram 3.

Kowace yamma a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, kada a yi yawo babu takalmi, domin ƙaya ɗaya na iya zama gyambo. Ido da ƙoda kuma a auna su sau ɗaya a shekara. A cikin gida kuwa, a samu aƙalla mutum biyu da suka iya awo, suka san inda sukari da littafin awo suke.