Tarihin Hoto a Sabon Badun: Daga Akwatin Mai Hoto Zuwa Kyamarar Aljihu



Unguwar Sabo ta haura shekara ɗari da kafuwa. A 1916 aka ware wa Hausawa wannan wuri kusa da Mokola, bayan an daɗe baƙi 'yan Arewa suna zaune a warwatse a gidajen Yarabawa cikin gari. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Ikko a 1901, bayan kamar shekara goma kuma layin dogo ya kai Kano, sai fataucin goro da shanu ya samu hanya mai sauri. Shanu su gangaro Kudu, goro ya haura Arewa, Sabo kuma ta zama masaukin fatake. Amma yau idan aka ce wa yaron Sabo ya nuna fuskar kakansa da ya fara sauka a nan, gidaje kaɗan ne za su iya fito da hoto. Akwai dalilin haka, kuma dalilin yana cikin tarihin ita kanta kyamarar.

Kafin kyamara ta shigo unguwa

An bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a Faransa a 1839, ba a jima ba ta biyo jiragen ruwa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Kafin ƙarshen wancan ƙarni 'yan ƙasa sun riƙe sana'ar. Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny wanda ya rasu a 1905, yana cikin na farko. A Ikko kuma George Da Costa ya buɗe situdiyonsa a 1895. Ke nan lokacin da aka kafa Sabo kyamara ta riga ta zama tsohuwar baƙuwa a Kudu, sai dai tana hannun Turawan mulki da 'yan mishan da attajiran bakin teku. Bafataken da ya taso daga Kano ko Katsina da buhunan kaya ba shi cikin lissafinta, shi ma ba ta cikin nasa.

Kyamarar da talaka ya fara zama a gabanta ita ce ta akwatin katako mai ƙafa uku. Mai hoto ya kafa ta a bakin kasuwa ko kusa da ofishin gwamnati, ya rataya ƙyalle a bango, ya cusa kansa cikin baƙin zane. Wanda ake ɗauka dole ya ƙame, don motsi kaɗan yana ɓata fuska. A cikin akwatin ake wanke hoton, mutum ya jira ya karɓi abinsa. Wannan na cikin abin da ya sa ba ka ganin dariya a tsofaffin hotuna. Ɗaya dalilin kuwa namu ne: dattijo ba ya washe baki a gaban jama'a. Yakan zauna daram, ya baza babbar riga yadda aikinta zai fito, hannu biyu a kan gwiwa, a ɗauke shi daga hula har takalmi. Maƙwabtanmu Yarabawa ma irin wannan zaman suke yi, kuma galibin masu hoton da iyayenmu suka je wurinsu Yarabawa ne.

Badun ta zama garin hoto

Shekarun 1950 sun ɗaga Ibadan. An buɗe kwalejin jami'a a 1948, garin ya zama hedikwatar Jihar Yamma, a watan Oktoban 1959 kuma aka buɗe gidan talabijin na WNTV. Ma'aikatun gwamnati da jaridu duk suna neman masu hoto. A nan J. D. 'Okhai Ojeikere ya koyi aiki. Ya sayi ƙaramar kyamara ƙirar Brownie a 1950, ya samu aiki a ɗakin wankin hoto na Ma'aikatar Yaɗa Labarai a Ibadan a 1954, daga baya ya yi aiki da gidan talabijin. Daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Nijeriya, ya tara hotuna kusan dubu, waɗanda yau ake baje kolinsu a manyan gidajen tarihi na duniya. Ya rasu a 2014. Abin lura a aikinsa shi ne abin da kowa ke gani kullum ya raina, shi ya bi yana ɗauka, yana rubuta sunan kowane kitso.

Mutumin Sabo kuwa larura ce ta fara kai shi gaban kyamara. Tafiya Makka ta koma ta jirgin sama da fasfo, fasfo kuma ba ya yiwuwa sai da hoto. Direba yana buƙatarsa don lasisi, ɗan makaranta don takardar jarrabawa. Shi ya sa a gidaje da yawa hoton kaka ɗaya tilo da ya rage shi ne ɗan ƙaramin nan na fasfo mai hatimi a gefe. Sannu a hankali aka saba: hoton Sallah, hoton angwanci, hoton dawowa daga aikin Hajji, hoton naɗin sarauta a ƙofar Sarkin Hausawa. Wanda ya yi shekaru bai je gida ba yakan sa sabuwar riga a ɗauke shi, ya ba wani mai tafiya Arewa ya kai wa mahaifiyarsa, ta ga ɗanta yana raye kuma asirinsa a rufe.

Ba kowa ya yarda ba. Malamai sun yi saɓani a kan hoto, wasu dattawa har suka koma ga Allah ba su taɓa tsayawa an ɗauke su ba. A gefe guda kuma, bayan Tijjaniyya ta yi ƙarfi a unguwar, har Sabo ta tsayar da Juma'arta ita kaɗai a 1952, hoton Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ya shiga shaguna da zauruka da ɗakuna. Matan aure kuwa suna cikin kulle, mai hoto kuma namiji ne baƙo, ba shi da hanyar wuce zaure. Matan da suka riƙe gidajen nan, suna sana'ar abinci daga cikin gida yara suna kai talla, su ne suka fi ƙarancin hotuna.

A 1962 da 1963 wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya yi bincike a Sabo, ya fitar da littafinsa Custom and Politics in Urban Africa a 1969. Ya ƙidaya mutanen unguwar sun ɗan haura dubu huɗu. Ya bayyana yadda maigida ke saukar da fatake, yadda dillalai ke haɗa ciniki, da yadda ake ba mahautan Yarabawa shanu bashi bisa amana. Littafi ne mai amfani, har yau ana karanta shi a jami'o'i. Amma da Turanci yake, kuma tsarin unguwa ya rubuta. Fuskar kakanka da sunansa aikin gidanku ne.

Zamanin fim mai launi

Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, hoto mai launi ya yaɗu. Fim ɗaya yana ɗaukar hoto 24 ko 36, kowane dannawa kuɗi ne, don haka sai an shirya an jeru. Masu hoto suka riƙa bin bukukuwa da walima, su ɗauka, su ruga wurin wanki, su dawo su baje hotuna kafin taro ya watse, kowa ya nemi fuskarsa ya biya. Albam ya zama kayan ɗaki, shi ake miƙa wa baƙuwa kafin a kawo abinci. Sai dai launin wancan zamani ba ya jure zafi da laima. Da yawa sun koma ja-ja ko sun kama jikin ledar albam, alhali baƙi-da-farin da ya girme su yana nan garau.

Kyamarar aljihu

Wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975. Tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kan kaset. A 1995 Casio ta fitar da QV-10 mai allo a baya, wanda mutum zai ga abin da ya ɗauka nan take. Bayan shekara ta 2000 ƙananan kyamarori irin su Sony Cyber-shot da Nikon Coolpix da Canon suka cika kasuwa, suka zama tsarabar Makka da Dubai. A 2010 kamfanoni sun fitar da kyamarorin dijital kusan miliyan 121, daga nan wayar hannu ta karɓe kasuwar. Kodak da kanta ta durƙushe a 2012.

Wannan ƙaramar kyamara ta yi abin da akwatin katako bai yi ba: ta wuce zaure. 'Yar gida ta ɗauki kakarta a tsakar gida, ta ɗauki lalle da kamu da suna, ba tare da wani baƙo ya shigo ba. Amma ta zo da asararta. An daina wanke hoto. Memori ya cika an goge, kwamfuta ta lalace, faifan da aka kwafa ya karce. Akwai gidajen da ke da hoton auren 1985 a albam, amma na 2008 babu ko ɗaya.

Ga wanda ke riƙe da ita

Har yanzu kyamarorin nan suna cikin durowoyi da akwatuna, da yawa batir da memori kawai suke jira. Wanda zai fito da tasa, ko ma waya yake amfani da ita, ya kula da waɗannan.

Haske shi ne kan gaba. Hantsi da bayan La'asar sun fi tsakar rana, don rana a tsaka tana jefa inuwar hula a kan ido. In dole ne da rana, a shigar da mutum inuwar rumfa, fuskarsa tana kallon wajen da haske yake. Kada a tsayar da shi a bakin ƙofar zaure haske na bayansa, zai fito baƙi ƙirin. In babu yadda za a yi, a kunna fitilar kyamarar ko da rana ce.

Farar shadda tana ruɗin kyamara. Tana ganin fari ya yi yawa sai ta rage haske, fuska ta dushe. Akwai madanni ko zaɓi mai alamar +/-, a ƙara mataki ɗaya wajen +, a duba allo, a sake ɗauka.

Madannin ɗauka hawa biyu gare shi. A danna rabi, a jira kyamara ta saita fuskar har ta yi ƙara ko ta nuna kore, sannan a ƙarasa a hankali. A riƙe ta da hannu biyu, gwiwar hannu a manne da jiki. Yawancin hotunan da suka fito dishi-dishi gaggawa ce ta ɓata su.

Fitilar ƙaramar kyamara ba ta wuce kamar mita uku. Wanda ya tsaya a ƙarshen taron Mauludi da dare yana haska mumbari, ƙeyar mutanen gabansa kawai zai samu. A matsa kusa. Zuƙowar da gilashin kyamara ke yi da kansa tana da kyau, amma wadda ta wuce nan yanke hoton kawai take yi, tana rage masa kyau.

A saita kwanan wata da lokaci, a zaɓi girman hoto mafi girma. A nemi izini kafin a ɗauki mutum, musamman matan aure da dattawa, kuma hoton cikin gida ba na watsawa a Facebook ba ne sai masu shi sun yarda. Kada a tsaya kan jeruwar 'yan biki kaɗai. A ɗauki mai ɗaurin goro yana aikinsa, da mai tsire a bakin tukuba, da makarantar allo, da tsofaffin gidaje kafin a rushe su.

Ita wannan kyamarar tana iya ceto tsofaffin hotuna. A shimfiɗa tsohon hoto kusa da taga inda rana ba ta dukansa, a kashe fitila, a zaɓi alamar fure wadda ake ɗaukar abu na kusa da ita, a daidaita kyamara saitin hoton kada ta karkace. Wanda ya manne da gilashi kada a ɓamɓare shi, a ɗauke shi yadda yake. Laimar Badun tana sa gilashin kyamara ya yi fumfuna, don haka a ajiye ta a busasshen wuri, a cire batir, kuma kada a goge ƙurar hunturu da bakin riga.

Abin da ke gabanmu

Mun ga yadda kaya ke salwanta a garin nan. Ambaliyar Ogunpa ta 1980 da ta watan Agustan 2011 sun ci rayuka da gidaje. Rikicin kasuwar Sasa na Fabrairun 2021 ya ƙone shaguna da gidaje, iyalai da yawa suka fita da kayan jikinsu kawai. Ana sake gina shago, amma hoton da babu kwafinsa ya tafi ke nan. Don haka kowane hoto mai muhimmanci a ajiye shi wuri biyu, ɗaya a wajen ɗan uwa a wani gari, kuma a wanke shi a takarda. In za a tura ta WhatsApp a tura shi a matsayin takarda, don turawar da aka saba tana matse shi.

Ma'ajiyar tarihi ta ƙasa tana nan cikin harabar Jami'ar Ibadan, cike da takardun da Turawan mulki suka rubuta. Abin da ba ta da shi yana ƙarƙashin gadajen iyayenmu. Hoton da babu suna a bayansa kuwa, da zarar tsohuwar da ta san mai shi ta rasu ya zama hoton wani bawan Allah. Duk mai kaka ko gwaggo ko baffa da ke raye, ya ɗauki albam ya je ya zauna a gabansu, ya tambayi wane ne wannan, ɗan wane gari ne, a gidan wa ya sauka, wace shekara ce. Ya rubuta da fensir a bayan hoton, sannan ya nemi izini ya ɗauki shi mai ba da labarin.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka kafa Sabo, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.