Takobi Shida da Batun Gwarzon Duk Zamani: Martani daga Bakin Iyakar Gobir

1.0 Gabatarwa

A ƙarshen Disambar 2023, a gasar kokawar gargajiya ta ƙasar Nijar karo na 44 da aka yi a Agadas, Kadiri Abdu na jihar Dosso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobi, kyautar zakaran gasar, karo na shida. Babu ɗan kokawar da ya taɓa kai wannan adadi tun da aka fara gasar. Daga nan wata magana ta kama bakin masu sharhi a rediyo da matasa a majalisu, har ta tsallako iyaka zuwa kasuwannin Sabon Birni da Isa: an ce muhawara ta ƙare, Isaka shi ne ɗan kokawa mafi girma da aka taɓa yi, zakarun farko irin su Kantu da Salma sai dai a tuna su don girmamawa. Wani abokin aikina, wanda muka daɗe muna ja-in-ja da shi a kan wannan batu, ya fi kowa iya tsara hujjojin wannan ra'ayi, don haka da shi wannan maƙala za ta yi magana.

Asalin kokawa a matsayin wasan kaka, da alaƙarta da noma da samartaka da kirari, an riga an yi bayaninsu (Alhassan da wasu, 1982, Powe, 1994). Yadda gwamnatin Seyni Kunce ta ɗauko wasan daga fagen ƙauye ta mayar da shi gasar ƙasa, wadda aka buɗe a Tawa a 1975, shi ma Seriba (2005) ya tattauna shi. Abin da ya rage a warware shi ne wannan: mene ne ƙidayar takubba take iya tabbatarwa, kuma ina ne ƙarfinta yake ƙarewa?

2.0 Hujjar Ƙidaya

Adalci ne a fara da faɗin ra'ayin abokin muhawara da cikakken ƙarfinsa. Jihohi takwas ne suke shiga gasar, kowace da 'yan kokawa goma, jimla tamanin. Wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga neman takobi, ko da zai ci gaba da yi wa jiharsa kokawa. Saboda haka mai takobi shi ne wanda ya ratsa kwanakin gasar duka ba a kai shi ƙasa ba. Yin haka sau ɗaya ya isa a san mutum har ya mutu. Isaka ya yi sau shida, wasu daga ciki a jere, yana fuskantar matasan da suka taso suna nazarin kamunsa. Abokina yana cewa duk wani ma'auni ban da wannan son rai ne: dattijon Maraɗi zai ce Kantu, na Damagaram zai ce Langa-Langa ko Bala Haruna, na Tawa zai ce Kadade, amma shida ta fi kowane adadi da ke ƙasa da ita a kowane gari.

Yakan ƙarfafa maganarsa da misalin Amurka. A wasan ƙwallon da Amurkawa suke yi da hannu, inda ɗan wasa ɗaya yake jagorantar hari yana jefa ƙwallo, an yi shekaru ana gardama tsakanin magoya bayan Joe Montana, wanda ya ci kofin Super Bowl sau 4 ba tare da ya taɓa faɗuwa a wasan ƙarshe ba, da na Tom Brady. Da Brady ya kai kofi 7 a Fabrairun 2021 yana da shekara 43, bayan ya buga wasan ƙarshe sau 10, mafi yawan masu sharhi suka sallama masa. Abokina ya ce in har ƙidaya ta raba gardama a wasan da mutum goma sha ɗaya suke taruwa su yi, to a kokawa, inda mutum yake shiga fage shi kaɗai, ta fi cancantar ta raba.

3.0 Inda Ƙidaya Take Tsayawa

Misalin nan na Amurka, in aka bi shi zuwa ƙarshe, yana iya juyawa kan mai kawo shi. An fara Super Bowl a Janairun 1967. Otto Graham na ƙungiyar Cleveland Browns ya kai wasan ƙarshe a duk shekaru goma da ya yi yana wasa, daga 1946 zuwa 1955, ya ci bakwai. A lissafin Super Bowl ba shi da ko ɗaya, domin ya yi ritaya kafin a ƙirƙiro kofin. Ƙidaya tana farawa ne ranar da wata hukuma ta buɗe littafi, kuma duk wanda ya gama aikinsa kafin ranar, littafin bai san da shi ba.

Wannan iyaka ta farko, wato ta lokaci, ta fi tsanani a kokawa. Littafin takobi an buɗe shi a 1975, alhali ƙasar Hausa ta yi ɗaruruwan shekaru tana kokawa. A nan ƙasar Isa muna da shaida a kusa. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu Bawa, mahaifinsa ɗan kokawa ne, shi ma ya yi suna a fage kafin ya koma kiɗa (Bunza, 2009). Mun san wannan ne kawai saboda waƙa ta ɗaukaka shi daga baya har manazarta suka bi tarihinsa. Mazajen da ya kama da su, da waɗanda suka fi shi ƙarfi a fagagen Gobir da Zamfara na wancan lokaci, babu takardar da ta riƙe sunansu. Da wuya a yarda cewa duk tsawon waɗannan ƙarnoni ba a haifi wanda zai iya tsayawa gaban zakarun bayan 1975 ba.

Iyaka ta biyu ta ƙasa ce. Takobi na Jamhuriyar Nijar ne, jihohinta ne suke turo 'yan wasa. Amma Gobir ba ta tsaya inda taswira ta tsaya ba. Bayan faɗuwar Alƙalawa, birnin Gobir, a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya Ɗan Halima ya rabu da Tsibiri ya kafa Sabon Birni. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1906 ce ta sa ɗaya ya faɗa Nijar ɗaya ya faɗa Nijeriya. Dangi ɗaya ne, karin harshe ɗaya, kiɗan kokawa ɗaya, ana auratayya ana cin kasuwar juna. Saurayin da aka haifa a ƙasar Gidan Runji yana da hanyar zuwa takobi. Ɗan'uwansa da aka haifa a ƙasar Sabon Birni, ko da shi ne yake kayar da shi duk kaka, jiharsa ba ta cikin masu shiga. Ma'aunin da ya bar Sakkwato da Kabi da Zamfara da Katsina a waje ba zai iya yanke hukunci a kan kokawar Hausa gaba ɗaya ba.

Iyaka ta uku tana cikin gasar kanta. Daga 1975 zuwa 2023 shekara 49 ce, amma karo 44 aka yi. Ke nan aƙalla shekara biyar sun wuce ba a ɗora takobi a fage ba. Ganiyar ɗan kokawa gajera ce, kuma duk wanda ƙarfinsa ya faɗo a irin waɗannan shekaru ya yi asarar damar da ba ta dawowa. Haka nan a farkon gasar jihohi bakwai ne, Tilaberi ba ta zama jiha mai zaman kanta ba. Kyauta ta tashi zuwa miliyoyin sefa ban da doki da rawani, ana killace 'yan wasa a horar da su kafin gasa, akwai agogo da gargaɗin alƙali ga wanda ya ƙi kamawa. Amurkawa ma sun san irin wannan: an sauya dokoki a 1978 don sauƙaƙa jefa ƙwallo, wasannin kakar shekara suka tashi daga 14 zuwa 16, sannan 17 a 2021. Adadin da aka tara a ƙarƙashin sharuɗɗa daban-daban ba ya zama ma'auni ɗaya don kawai an jera shi a shafi ɗaya.

4.0 Martanin Abokin Muhawara

Abokina ba ya musun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da yake tambaya shi ne: in an ajiye ƙidaya, da me za a maye gurbinta? Amsar da dattawa suke bayarwa ita ce kirari da waƙa da abin da jama'a suka riƙe a ka. A nan yake kawo sukarsa mafi nauyi. Makaɗi yana yabon wanda yake ba shi, kuma gwanin makaɗi yana iya mayar da ɗan wasa matsakaici ya zama dodo. Yakan kawo misalin dambe: Shago ya shiga kowane gida ne ta bakin Ɗan Anace, kuma babu mai iya rantsewa cewa ba a yi ɗan damben da ya fi shi ba wanda bai dace da makaɗi irin wannan ba. Ya ƙara da cewa tsofaffi a ko'ina suna ganin mazajen ƙuruciyarsu sun fi na yau, domin abin da suke tunawa ya haɗa da ƙuruciyar tasu.

Wannan suka tana da gaskiya mai yawa, kuma ba na ganin za a iya ture ta duka. Waƙa shaida ce mai ɓangare. Sai dai akwai abubuwa biyu da ya kamata a lura da su. Na farko, makaɗin kokawa yana waƙarsa ne a gaban mutanen da suka ga kamun da idonsu, da abokan hamayyar wanda ake yabo, da makaɗansu. Yana iya kambamawa, amma in ya ce an kayar da wanda ba a kayar ba, fage ba zai bar shi ba. Saboda haka sunayen abokan karo da garuruwa da sakamakon da suke cikin irin waɗannan waƙoƙi abin dogaro ne fiye da yadda ake zato, in manazarci ya tace su ya gwada su da bakin shaidu. Na biyu, waƙa tana riƙe abin da littafin gasa ba ya rubutawa: yadda aka yi kayen, ko da taɗiya ce ko ɗauka aka yi aka buga, ko an daɗe ana gumurzu, ko wanda aka kayar ƙato ne da ake tsoro. Bahaushe yana bambanta kaye da kaye, littafin gasa kuwa duka maki ɗaya yake ba su.

Suka ta biyu ta fi wuyar amsawa. Ya ce duk sauye-sauyen da na lissafa suna ƙara wa Isaka daraja ne. In kyauta ta yi yawa, masu nema sun yi yawa. In ana horo, abokan karo sun fi ƙwarewa. In ana ɗaukar kowane kamu a waya, babu dabarar da take ɓoyuwa. Mai yiwuwa ne ƙwarai cin takobi a 2023 ya fi wuya a kan cinsa a 1975. Ina ganin a wannan gaɓa abokina ya fi kusa da gaskiya a kan masu cewa kokawar yau ta lalace. Abin da ya faru a Dosso a Disambar 2024, inda Abba Ibrahim na Yamai ya ɗauke takobin a gidan Isaka, ya nuna cewa fagen cike yake da maza, kuma takubban nan shida ba a banza aka same su ba.

5.0 Abin da Hujja Ta Yarda a Faɗa

Saboda haka dole da'awar wannan maƙala ta taƙaita. Ba za a iya nuna cewa Yakuba Ango Kantu, wanda ya ɗauki takobin farko a Tawa, zai kayar da Isaka da sun haɗu a ganiyarsu ba, kuma mutanen Maraɗi da Gobir da suke faɗin haka ƙauna ce take magana a bakinsu. Haka nan ba za a iya nuna akasin haka ba. Abin da hujja ta ɗauka abu uku ne. Isaka Isaka shi ne ya fi kowa nasara a tarihin gasar takobi, wannan babu ja a cikinsa. Kantu da Salma Ɗan Rani da tsararsu suna da matsayin da adadi ba ya kamawa, domin su ne suka sa talakawa suka karɓi gasar da gwamnati ta ƙirƙiro har ta zama tasu. Filin kokawar Maraɗi yana ɗauke da sunan Kantu, na Dosso da sunan Salma, na Damagaram da sunan Langa-Langa. Na uku, laƙabin gwarzon duk zamani ya fi ƙarfin shaidar da ke hannun kowa, tunda mafi yawan zamanin da ake magana a kai, da rabin ƙasar da ake kokawar, ba su shiga lissafi ba.

Wani zai ce wannan bambanci ƙarami ne. A ganina ba ƙarami ba ne, domin yaron da ya taso yana jin cewa kokawa ta fara a 1975 kuma ta tsaya a bakin iyaka zai ɗauka kakanninsa na Isa da Sabon Birni 'yan kallo ne, alhali su ma masu fage ne.

6.0 Kammalawa

Giɓin da ke cikin wannan muhawara giɓin tattara bayanai ne, kuma lokacin cike shi yana ƙurewa. Tun daga 2019 hare-haren 'yan bindiga sun tarwatsa ƙauyuka da yawa a ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, dubban mutane sun yi hijira zuwa jihar Maraɗi, fagagen kaka da dama sun daina cika. Tsofaffin 'yan kokawa da makaɗansu, waɗanda suka san wa ya kayar da wa a wane gari, suna warwatse kuma shekaru sun ja. Ina kira ga masu nazarin Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da takwarorinsu na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi da su haɗa hannu su naɗi muryoyin waɗannan dattawa, su tattara kirari da waƙoƙin kokawa na ɓangarorin iyaka biyu, su gwada su da juna kamar yadda ake yi wa kowace shaidar baka. Kafin a yi wannan aiki, a ba Isaka Isaka haƙƙinsa cikakke a matsayin sarkin takobi, a kuma bar kujerar gwarzon duk zamani ba kowa a kanta.